Yaya za mu rage lokacin da shirin surkulle yake ci kafin a shiga faɗa?

Ɗan Kandara, Jidda, ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina jagorantar wasan Pathfinder, wasan labari na kan tebur inda kowane ɗan wasa yake riƙe da jarumi ɗaya ana jefa ɗan lido, bugu na farko wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009, ga wasu abokaina a nan Jidda, kuma muna haɗuwa ne daren Alhamis bayan sallar isha'i a wata istiraha, wato wurin hutawa na haya, da muke haɗa kuɗi mu kama. Biyu daga cikinmu daga Makka suke tasowa kuma a daren suke komawa, saboda haka lokacinmu a ƙididdige yake. Jaruman da ake wasa da su sun kai mataki na 9, akwai mayaƙi, da ɗan leƙen asiri, da boka, da mai warkarwa, da mai asirin daji.

Abin da yake damuna shi ne, duk sa'ad da ɗan leƙen asiri ya dawo ya ce akwai abokan gaba a bayan ƙofa, sai wasa ya tsaya cak. Boka ya buɗe littafi yana neman surkullen ƙarin ƙarfi da zai ɗora wa kowa, mai warkarwa ya shiga tambayar wa yake son Garkuwar Imani, mai asirin daji ya ce a jira shi ya duba ko Ɓawon Itacen da ya yi wa mayaƙi tun ɗazu bai ƙare ba, shi kuwa mai riƙe da mayaƙi yana ta goge lambobi yana sake rubutawa har takardarsa ta fara hujewa a gurbin makin kariya. Kafin a gama, shayi ya huce, waɗanda ba su da surkullen yi sun koma kan wayoyinsu, an ci fiye da rabin awa. Faɗan kansa kuma bai cika wuce zagaye huɗu ba, wanda a cikin labari bai kai rabin minti ba, tun da kowane zagaye daƙiƙa 6 ne.

Ba na so in hana su shiri, domin haƙƙinsu ne a dokar wasa, kuma wanda ya zaɓi boka don irin wannan ya zaɓe shi. Ina neman hanyar da za a yi shirin cikin 'yan mintuna ba tare da an tauye kowa ba. Wace dabara kuke bi a teburanku?

Malamin Lissafi, Riyad, ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. A ganina tushen matsalar shi ne kuna yin shawarar da ya kamata a yi sau ɗaya a kowane faɗa. Surkullen ƙarin ƙarfi a wannan bugu ba tsawon rai ɗaya gare su ba, kuma da zarar an jera su bisa tsawon ransu, sai ka ga mafi yawansu ba su da abin yi a bakin ƙofa.

Akwai masu ɗaukar awa ɗaya a kan kowane mataki na mai yin su, irin su Sulken Boka da Babban Makamin Asiri. A mataki na 9 awa 9 ke nan, wato yinin tafiya gaba ɗaya, don haka da safe ake yin su, a rubuta lambobinsu a takardar jarumi da biro a matsayin lambobinsa na kullum, kada a sake ambatar su. Sai masu minti 10 a kan kowane mataki, kamar Ɓawon Itace, da Jarumta, da Fatar Dutse, da Jure Wuta ko Sanyi. Waɗannan minti 90 suke yi, don haka wurinsu shi ne bakin kogo ko ƙofar gidan da za a kutsa, kuma yawanci suna kai jarumai ƙarshen binciken. Idan ana tsoron kada su ƙare, a yi amfani da dabarar Tsawaitawa, wadda take ninka lokacin ta ɗaga surkullen da daraja ɗaya, ko a sayi ƙaramin sandan tsawaitawa na zinariya 3,000 a kuɗin cikin wasa, wanda yake aiki sau uku a yini a kan surkulle mai daraja ta 3 zuwa ƙasa. Da shi Ɓawon Itace zai yi awa uku cur.

Abin da ya rage wa bakin ƙofa ke nan kaɗan ne: masu minti ɗaya a kan kowane mataki, irin su Albarka, da Garkuwa, da Ƙarfin Bijimi, da Garkuwar Imani, sai kuma masu zagaye ɗaya a kan kowane mataki, waɗanda Sauri ne shugabansu. Sauri a hannun bokanka zagaye 9 ne kawai, daƙiƙa 54, saboda haka shi ne na ƙarshe a koyaushe, kuma sau da yawa gara a bar shi ya zama aikin boka na zagayen farko na faɗa. Dubi mai ful da tamis na unguwarku: waken ya kwana a kan wuta, burodin kaɗai yake mannawa a tanda sa'ad da ka tsaya a gabansa.

Shawarata ita ce ku ware zama guda, ko ku yi a zauren WhatsApp a tsakiyar mako, kowane mai surkulle ya rubuta jerinsa uku: na safe, na bakin kogo, na bakin ƙofa. Daga nan idan lokaci ya yi, magana ɗaya za a yi, a ce an yi jeri na uku, kowa ya soke gurbin surkullen da ya kashe daga kasonsa na yini, a jefa ɗan lido a ga wanda zai fara.

Yayar 'Yan Wasa, Madina, ta amsa:

Ƙanena Ɗan Kandara, na yarda da Malamin Lissafi, amma akwai rabin aikin da bai taɓa ba. A teburinmu, inda nake wasa da ƙannena da 'ya'yan yayata, na lura cewa zaɓen surkulle ba shi ne yake cin lokaci ba kamar lissafin da yake biyo bayansa, musamman gardamar wane ƙari ne yake hawa kan wane.

Dokar a fili take: ƙari biyu masu nau'i ɗaya ba sa haɗuwa, mafi girma kaɗai ake ɗauka, in ban da 'yan kaɗan irin ƙarin kaucewa. Albarka tana ba da maki 1 a kan hari, Jarumta tana ba da 2, amma dukansu na ƙarfin zuciya ne, don haka wanda aka yi wa Jarumta bai ƙaru da komai ba a harinsa idan aka yi Albarka. Garkuwar Imani a mataki na 9 maki 3 ce, amma nau'inta ɗaya da na zoben kariya, saboda haka mai zoben maki 1 maki 2 kawai ya samu. Ƙarfin Bijimi yana ƙara 4 a ƙarfin jiki, amma idan mayaƙin yana ɗaure da ɗamarar ƙarfi mai maki 2, to 2 ne ribarsa, wato maki ɗaya tak a hari. Sulken Boka kuwa ba ya hawa kan sulken ƙarfe. Idan kuka zauna kuka tace jerinku da wannan ma'auni, za ku tarar wasu daga cikin abin da kuke ɓata lokaci a kansu ba su taɓa ƙara muku abin a zo a gani ba, kuma jerin zai gajarce da kansa.

Bayan tacewa, sai a daina gogewa a takardar jarumi kwata-kwata. Ku sayi ƙananan katuna a maktaba, wato kantin kayan rubutu, 'yan riyal kaɗan ne, kowane ɗan wasa ya samu uku masu launi dabam-dabam. A kan kowane kati a rubuta sakamakon ƙarshe, ba ƙarin da za a haɗa ba: makin hari kaza, ɓarna kaza, kariya kaza, tsira kaza, tafiya ƙafa kaza. Farin kati shi ne jarumi da shirin safe, shuɗi shi ne da na bakin kogo, ja kuma da komai da komai har da Sauri, wanda yake ƙara 1 a hari, 1 a kariya, ƙafa 30 a tafiya ga mai tafiyar ƙafa 30, da sara guda na ƙari idan an yi cikakken hari. Ƙaramin ɗan yayata, wanda lissafi ba ya cikin abubuwan da yake ƙauna, yana ɗora jan katinsa a kan takarda ne kawai ya karanta abin da ya gani. Lissafin kuma aikin mai yin surkullen ne, shi zai rubuta wa kowa katinsa a gida, ba wanda aka yi wa ba. Game da ƙidayar zagaye, boka ya ajiye ɗan lido mai fuska 10 a gabansa a kan 9, yana rage ɗaya duk sa'ad da layi ya zo kansa.

Tsohon Jagora, Dammam, ya amsa:

'Yan'uwa, shawarwarin nan biyu suna da kyau, amma ina jin tsoron za su sa shirin ya yi sauƙi har ya zama kowane faɗa ana shigarsa da jan kati, daga nan kuma Malam Ɗan Kandara zai dawo yana tambayar dalilin da ya sa dodanninsa suke faɗuwa a zagaye na biyu. Tambayar da ba a yi ba ita ce, wa ya ba su duk wannan lokacin a bakin ƙofa?

Yawancin surkullen nan suna buƙatar a furta kalmomi, kuma littafin ya ce da murya mai ƙarfi ake furta su. A jadawalin ji da gani, makin da ake nema a ji maganar mutane 0 ne, rufaffiyar ƙofa tana ƙara 5, kowace ƙafa 10 ta nisa tana ƙara 1. Wato mai gadin da yake ƙafa 20 a bayan ƙofa maki 7 kawai yake nema ya ji mutum uku suna ɗaga murya, abin da kusan kowane mai gadi zai samu. Idan ya ji, ba zai zauna yana jiransu ba: zai buga ƙararrawa, bokan ciki zai fara nasa shirin, ko su kulle ƙofa su ja da baya na minti goma har masu gajeren rai su ƙare. Bokan abokan gaba kuma yana da Karya Asiri, inda zai jefa ɗan lido mai fuska 20 ya haɗa da matakinsa, yana neman 11 da matakin wanda ya yi surkullen, wato 20 a kan jarumanka. A wannan bugu guda ɗaya yake cirewa daga jikin wanda aka nufa, babban nau'in Karya Asiri kuma yana cire ɗaya a kan kowane mataki huɗu na mai yin sa.

Abin da nake yi shi ne, kafin kowane faɗa nakan faɗa musu a fili zagaye nawa suke da shi, bisa ga yadda leƙen asirin ya kasance. Idan an yi shi da kyau, zagaye uku. Idan da ƙyar aka sha, ɗaya. Idan an faɗa tarko, babu ko ɗaya. Masu surkulle uku a zagaye biyu abu shida ne kawai, kuma zaɓen shida daga cikin jerin da aka riga aka rubuta ba ya wuce minti biyu. A nan ne ma daɗin yake, domin mai warkarwa dole ya yanke shawara tsakanin kare mayaƙi da kare boka. Kada kuma a manta Fatar Dutse tana cin garin lu'ulu'u na zinariya 250 duk yi ɗaya, kuma a mataki na 9 tana ƙarewa da zarar ta shanye ɓarna 90. Jagora da yawa suna yafe wannan kuɗi, sannan su yi mamakin ganin ta a jikin kowa.

Baƙon Ɗa'if ya amsa:

Ni dai da za a ji tawa, da kun koma bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, inda aka magance wannan daga tushe. A can yawancin surkullen ƙarin ƙarfi suna buƙatar mai yin su ya tattara hankalinsa a kansu, kuma ba ya iya riƙe fiye da ɗaya a lokaci guda, don haka mai riƙe da Sauri ba zai ƙara wani irinsa ba sai ya saki na farko. Masu dogon rai kamar Sulken Boka awa 8 suke yi ba tare da wannan sharaɗi ba. Bugu na biyu na Pathfinder, na 2019, shi ma ya taƙaita nau'o'in ƙari zuwa uku.

Ɗan Kandara ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Baƙon Ɗa'if, sauya bugu a tsakiyar labari zai yi mana wuya, domin 'yan wasan sun saba da jarumansu, kuma wannan tarin zaɓi yana cikin abin da ya sa suke son bugu na farko. Zan ɗauki jeri uku da katunan Yaya. Amma Yallaɓai Tsohon Jagora, ina da tambaya: idan suka ja da baya can nesa da ƙofa inda ba mai jin su, suka yi shirinsu, sannan suka dawo da gudu fa? Masu minti 9 za su kai su.

Tsohon Jagora ya amsa:

To ka bar su, Malam, domin dabara ce mai kyau kuma sun biya kuɗinta. Duk gurbin da suka kashe a wannan faɗa ba za su same shi a na gaba ba sai sun kwana sun sake shiri, saboda haka maganin yana hannunka: kada yini ya zama faɗa ɗaya. Idan sun san akwai karo uku ko huɗu kafin su samu wurin barci, kuma wanda suka zo ceto ba zai jira su har gobe ba, da kansu za su fara tambayar ko wannan ƙofar ta cancanci jan kati. Sannan mutum biyar masu gudu, ɗaya cikinsu sanye da sulken ƙarfe, ba sa isowa a ɓoye, don haka sun sayi ƙarfi sun sayar da mamaya, kuma Sauri dole a cikin faɗa za a yi shi. Abu ɗaya kawai za ka riƙe da ƙarfi: abin da ba ya cikin jerin da aka rubuta kafin zama, ba a buɗe littafi a neme shi a bakin ƙofa. Wanda ya gano sabon surkulle ya kawo shi zaure a tsakiyar mako, a lissafa, a sake rubuta kati kafin Alhamis.