Mastas a kwantirol ko kwas ɗin PLC: wanne zan fara?

Tambaya

Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina da digirin injiniyan lantarki, na gama bautar ƙasa, kuma fannin sarrafa injinan masana'antu nake so. Kuɗin hannuna ba zai ɗauki biyu ba. In nemi mastas a kwantirol ne, ko in biya kwas ɗin PLC (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injinan masana'anta) in shiga neman aiki?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara sanin inda kake son dosa. Mastas a kwantirol lissafi ne zalla: matiriks, tacewar Kalman (kimanta ainihin awo daga awo mai hayaniya), MPC (sarrafa tsari ta hanyar hasashen abin da zai yi), da kwaikwayon tsari a MATLAB da Simulink. Ga mai son koyarwa, bincike ko digirin dakta, hanyar ke nan. ABU Zariya na yin mastas a fannin, BUK da ATBU Bauchi kuma suna da sashen mekatironiks. A waje akwai KFUPM a Dahran ta Saudiyya da Jami'ar Sheffield a Ingila, ana neman tallafin karatu na PTDF, ko na DAAD in a Jamus za ka yi. Kafin ka sayi fom, ka binciki wanda zai duba maka aikin bincike, ka kuma leƙa ɗakin gwaji ka ga ko na'urorin na aiki. Nan ne mastas ɗin shekara biyu ke komawa huɗu.

Amsa ta biyu

Idan masana'antun siminti na Obajana, Ashaka, Kalambaina ko matatar Dangote kake hari, PLC ka fara. A intabiyu ba za a tambaye ka Kalman ba. Za a ce me ya sa siginar transmita (na'urar da ke aika awo, kamar yawan ruwan tanki) take farawa daga 4 zuwa 20 mA ba daga sifili ba. Amsar: in ka ga sifili, waya ta tsinke ko wuta ta yanke, ba tankin ne ya ƙafe ba.

Nemi PLC ƙirar Siemens S7-1200, ko da na hannu ne, da wutar 24 V da transmita ɗaya. Ga inda sababbi ke tuntuɓe: ƙofofin analog biyu na jikin samfurinsa 1214C bolt 0 zuwa 10 suke karantawa, ba mA ba. Sai ka sa resista mai ohm 500, siginar ta koma bolt 2 zuwa 10. A firogiram, 20 mA zai fito 27648, 4 mA kuma wajen 5530. In ka lissafa daga sifili, tanki babu ko ɗigo zai nuna maka kashi 20. Daga nan ka haɗa inbata (na'urar sarrafa gudun moto) ta tsarin sadarwar Modbus a kan layin RS-485, da resista ohm 120 a ƙarshen layin duka biyu. In ka manta da su, sadarwa ta riƙa yankewa, ka yi ta zargin firogiram a banza.

Amsa ta uku

Injiniyan da ya ba da amsa ta biyu ya faɗi gaskiya, amma kada a raina karatun. Mai kwas ɗin wata uku zai sa PID (dabarar daidaita abu kamar zafi a kan saiti, mai ɓangarori uku: P, I da D), ya kasa gane dalilin da zafi ke wuce inda aka saita. Sau da yawa bawul ya riga ya buɗe ɗari bisa ɗari, ɓangaren I kuma yana ta tara kuskure, sai ya ɗau lokaci kafin ya sauke. Maganinsa a tsayar da tarin da zarar bawul ya kai maƙura. Wani lilon na awo sama da ƙasa kuma bawul ne ke cijewa, ba saitin da zai gyara shi. Mayar da bawul ɗin kan sarrafawa da hannu, ka motsa shi kaɗan-kaɗan ka ga ko yana bi. Dabarar Ziegler da Nichols ta 1942 kuwa, ta ƙara P har tsarin ya fara lilo, kada ka kuskura ka gwada ta a tukunyar tururi mai aiki.

Shawarata: PLC yanzu, aiki shekara biyu ko uku, ka yi rajistar COREN (hukumar rajistar injiniyoyi) in ka cika sharuɗɗanta, sannan mastas da matsalar da ka gani da idonka a masana'anta. In kuɗin na'ura ya gagara, manhajar firogiram ɗin PLC ta CODESYS kyauta ce kuma tana da kwaikwayo a ciki, manhajar OpenPLC ma na hawa kan ƙaramin allon Arduino.