Tsohuwar Massey 135: giya na ficewa, baya na kuka. Wa ya taɓa gyara irin wannan?

Ɗan Kadawa:
Assalamu alaikum. Tantan ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ita ce a hannuna yanzu, Massey Ferguson 135 mai silinda uku. Injin ƙalau yake, bugu ɗaya take tashi. Ciwon daga giya zuwa baya ne. Tun daminar bara, da na ɗaura mata haro sai giya ta biyu ta fice da kanta. Ga wani kuka a ƙarƙashin kujera kamar ana niƙa tsakuwa, in na sassauta mai kuma sai muryarsa ta canza. An ce in sayar wa masu gwangwan, ni kuwa a kanta na koyi tuƙi, ba zan iya ba. Wata biyu ya rage ruwa ya sauka. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya yi.

Bakaniken Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, kafin ka ɗora sifana a kan kowane noti, juye man giya a roba mai tsabta ka duba shi da rana. A 135 mai ɗaya ne ke yi wa akwatin giya da baya da famfon ɗaga garma aiki, wajen lita 30, don haka duk abin da ya ci a wuri ɗaya sai ya zagaye ko'ina. Wata da aka kawo mini shekarun baya, man da ya fito fari ne kamar kunun gyaɗa. Robar da ke wuyan sandar giya ta tsage, tantan na kwana a fili, ruwan sama na bin sandar yana sauka ciki damina bayan damina. Boris ɗin duk sun yi tsatsa, sun yi rami-rami. Ka jefa mayen ƙarfe cikin man. In gari mai laushi ya kama, tsufa ne kawai, mota ce da aka fara ƙerawa tun 1964. In ka ga ɓarɓashi kamar tsabar gero, to akwai haƙori ko boris da ke marmashewa.

Mai Albasa:
Tawa ba ficewa take ba, maƙalewa take yi. Rannan a tsakiyar fadama sandar ta saki, tana lilo a hannuna, tantan kuma na cikin giya. Wani dattijo direba ya kwance murfin da ake zuba mai, ya haska da tocila, ya zura dogon sukuddireba ya mayar da ƙarfen wurinsa. Bakin sandar ne ya cinye. Mai walda ya ƙara masa nama, aka goge, shi ke nan har yau.

Bakaniken Funtuwa:
Haka ne Malam, amma nasa daban. Maƙalewa daga sanda take. Ficewa a ƙarƙashin kaya kuwa, ko haƙoran giyar sun zama gangare, ko cokalin da ke tura ta ya sirance, ko sifirin da ke riƙe ta ya mutu, ko boris ya saki shaf yana wasa. Sai an buɗe.

Alhajin Tirela:
Ni kukan bayan nan ne ya taɓa ni, don na sha shi. Tawa Massey 165 ce, ina jan taki da ita. Aka buɗe, aka samu ƙaramin giyar da ke juya babban faifan baya, shi ne ya ci; a bakin makanikai faifan shi ne kirawun, ƙaramin kuma finiyan. Kuɗi sun yi mini kaɗan, sai na nemo finiyan shi kaɗai na hannu, aka haɗa da tsohon faifan. Ko wata ɗaya ban yi ba kukan ya dawo, ya fi na da. Da aka sake buɗewa, haƙoran biyun sun cinye juna. Tare ake goge su tun daga masana'anta, tare suke tsufa, kuma tare ake canza su. Na biya kuɗin aiki sau biyu, na rasa jigilar kaka guda. Har yanzu in na tuna raina na ɓaci, domin an faɗa mini ban ji ba.

Abin da na gani a aiki na biyu: bakaniken ya shafa ɗan fenti a haƙoran, ya juya da hannu, ya duba inda suka taɓa juna. Sai da tabon ya zauna a tsakiyar haƙori ya rufe. Rabin yini ya yi a kan wannan kaɗai.

Malamin Gona:
In ta kai ga raba tantan biyu, ina roƙonka ka kula da ranka. Ku nemi daɓen siminti, ban da ƙasa mai laushi. Ku buga weji na katako dama da hagu tsakanin injin da ƙarfen tayoyin gaba, domin a kan fil ɗaya gaban yake lilo, da an raba injin zai iya kifewa gefe. A gabana wani ya taɓa kifewa, ya sauka dab da ƙafar yaron shago. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, a jera gungumen icce.

Tunda za a buɗe, ka duba kuloci. Na 135 hawa biyu ne: rabin taki ya tsayar da tafiya, in ka kai ƙasa ya tsayar da shaf ɗin baya mai juya injin casa. Ni na bar tsohon boris ɗin kuloci saboda tsimi, bayan damina ɗaya muka sake rabawa saboda shi.

Mai Albasa:
Kayan kuma ba su yi wuya ba. Ni a Ƙofar Ruwa a Kano na samu nawa, wasu na zuwa Panteka a Kaduna. Abubuwa da yawa na Massey 240 suna shiga 135, amma ka tafi da tsohon a hannu, ka ƙirga haƙora a gaban mai shago.

Ɗan Kadawa:
Allah ya saka da alheri, na dawo da bayani. Oga na Funtuwa, kamar kana wurin. Man fari fat, robar sanda babu ita ma gaba ɗaya. Jiya muka raba ta a daɓen shagon wani maƙwabci, da weji kamar yadda Malam ya ce. Haƙoran giya ta biyu sun kwanta, cokalin ya sirance, boris ɗin finiyan kuma da na juya shi a tafin hannu yana ƙaras-ƙaras. Alhaji, faifan baya da abokinsa haƙoransu sumul, bakanike ya ce boris kawai za mu sauya mu sake saiti da fenti. Mun kuma ga mai ya jiƙa birkin hagu, sil ɗin wannan gefen ma zai fita. A cikin akwatin kayan aiki na tsinci wata tsohuwar sifana da Baba ya naɗe wa hannu da roba, da ita na kwance notin farko. Gobe da asuba zan shiga Kano da tsofaffin kayan a buhu. Oga, wane mai zan zuba bayan mun wanke cikin?