Na sayi wadirob na hannu, wane fenti zan yi masa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Makon jiya wata dillaliya a unguwarmu, Tudun Wadar Kaduna, ta kai ni gidan wasu da za su tashi, na sayi wadirob mai ƙofa uku da durowar madubi. Kafintan da ya haɗa mini ya ce katakon maɗaci ne, irin aikin da, kuma da gaske sai da maza huɗu suka kama kafin ya shiga ɗaki. Sai dai banish ɗin ya dushe, ƙofa ɗaya duk tabon sitikar yara, saman durowar kuma ya sha man shafawa. Mai fesa fenti ya faɗi kuɗin da ya kusa kamo abin da na sayi kayan. Naira dubu 20 na ware, kuma ina da ragowar fentin bango, fari, tun na ƙaramar salla. Zan iya shafa shi da kaina? Ina son kayan nan sosai, ba na so in ɓata su.

Kawu Kafinta:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki bar fentin bangon nan a bango. Na ruwa ne, ba ya kama jikin banish, farce kaɗai zai ɓare shi. Fenti mai mai za ki nema, wanda ake yi wa ƙofofi.

Amma aikin ba a fentin yake ba, a guga yake. Kwance hannayen ƙofa da madubin, ki wanke katakon da ruwan omo da soso, kar ki jiƙa shi sharkaf, ki bari ya bushe. Wurin man shafawar ki goge da tina, ruwan da ake sirka fenti mai mai da shi, don fenti ba ya zama a kan maiƙo. Daga nan sai sanfefa mai lamba 120, ki riƙa bin tsawon katakon har ƙyallin ya mutu. Ba sai kin kai ga tsurar katako ba. Inda akwai ramin ƙusa, kwaɓa garin katako da gam ki cike, in ya bushe ki goge.

Sai andakot, wato fentin shimfiɗa, shafa ɗaya, sannan fentin shafa biyu, siriri-siriri, kwana guda tsakani. Masu garaje ne ke laftawa lokaci ɗaya, ya yi ta zubar hawaye. Kafin shafar ƙarshe ki bi shi da sanfefa mai lamba 220 sama-sama. Lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10, saboda haka kar mai shago ya sa ki ɗauki galan. Ki shiga kasuwar Panteka ki taya, ki kuma sayi burushi mai kyau ko da ya fi tsada, mai arha gashi yake zubarwa a jikin aiki.

Ummu Sadik:
'Yar uwa, kafin maganar fenti, kin duba kuɗin cizo? Na taɓa sayen gado na hannu a nan Kano, wata uku ba mu yi barcin kirki ba. Zare durowoyin, ki haska tocila a duk mahaɗar katako. In kin ga ɗige-ɗige baƙaƙe, suna nan. In kuma kin ga gari kamar fulawa yana zubowa daga ƙananan huji, ƙwaron katako ne, a shafa maganinsa, Solignum, a bayan wadirob ɗin da ƙafafunsa, a tsakar gida. Don Allah ban da fesa fiya-fiya a ɗakin da yara ke kwana. Shi ma fentin a waje za ki yi, warinsa yana kwanaki.

Abban Walid:
Ni da ni ne, maɗaci ba zan rufe shi da fenti ba. Kayan yanzu yawanci MDF ne, wato garin katakon da aka matse da gam, ruwa na taɓa shi ya kumbura, ba kuma ya komawa. Ki goge, ki sa sabon banish, jan katakon zai fito. In dole sai fenti, ki sani farin mai mai yana komawa ruwan ƙwai in ya daɗe a ɗaki mai duhu. Kuma ki yi kafin hunturu ya kankama, ƙura ce za ta manne a jiki.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ummu Sadik, na haska ko'ina daren jiya, babu komai, alhamdu lillahi. Yau da safe na gwada sanfefa a gefen ƙofa ɗaya, na shafa ɗan ruwa, sai ga wani ja mai kyau da ban san yana ƙarƙashi ba. Na daɗe tsaye ina kallonsa. Wadirob dai banish zan yi masa. Durowar ce man ya shige ta sosai, ita zan yi wa fenti ruwan toka. Kawu, hannayen ƙofar na tagulla ne, sun yi baƙi. Lemon tsami da gishiri zai fitar da su, ko akwai abin da ya fi?