Gyara dubban bayanai a MongoDB: abin da masu harkar suka ce

Tambayar da masu aiki da MongoDB, wato manhajar rumbun adana bayanai, suka tattauna ita ce: mutum yana da bayanai dubu ɗari biyu da yake son canza wa wani abu, ta yaya zai yi ba tare da ya durƙusar da sabar, wato kwamfutar da rumbun ke kai, ba?

Kowa ya yarda kada a ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a gyara a mayar, domin zirga-zirgar da ke tsakanin manhaja da rumbun bayanai ita ke cin lokacin. In canjin iri ɗaya ne, updateMany, umarnin da ke gyara bayanai da yawa a kira ɗaya, ya isa, a haɗa shi da $set, mai canza filin da aka ambata kawai a cikin bayani, don kada a taɓa sauran filaye. In kowane da nasa canjin, sai bulkWrite, mai tura umarnai daban-daban a dunƙule. Wasu suka ƙara da a sa zaɓin ordered na bulkWrite ya zama false, wato ba sai an bi su a jere ba, ta yadda kuskure ɗaya ba zai tsayar da sauran ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun katsewa. updateMany yana kammala kowane bayani ne shi kaɗai, don haka in aiki ya yanke a tsakiya, wasu sun canza, wasu ba su canza ba. Shi ya sa $inc, mai ƙara adadi a kan lambar da ke cikin fili, ke da haɗari: ka sake gudanarwa, ka ƙara sau biyu. Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce a sa wa kowane bayani alamar an gyara, a tace da ita don a tsallake waɗanda aka riga aka gyara. Tun fitowar MongoDB 4.0 a 2018 ana iya ɗaure gyare-gyare da yawa su tafi tare ko su faɗi tare, amma hakan bai dace da aiki mai yawa haka ba.

Kafin komai, a gwada matacin, wato sharaɗin da ke zaɓo bayanan da za a gyara, da countDocuments mai ƙirga su, a ajiye kwafin rumbun da mongodump.