Me ya sa ake yasar da jaruman Girka da Rum tun suna jarirai?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum. Malamai, me ya sa jarumi a tatsuniyoyin tsohuwar Girka da Rum yakan fara rayuwa a matsayin jaririn da aka yasar?

Mai Nazari: Wa alaikumus salam. Galibi tsoron rasa rai ko sarauta ne. An yi wa Sarki Akirisiyus na birnin Argos a Girka duba cewa jikansa zai kashe shi, sai ya sa 'yarsa da jaririnta Fasiyus a akwati ya jefa teku, amma duk da haka duban ya tabbata.

Tsohon Malami: Haka a tatsuniyar Rum, Sarki Amuliyus, don tsoron rasa sarauta, ya sa aka jefa tagwayen jarirai Romulus da Remus a kogin Tiber, macen kyarkeci ta shayar da su, makiyayi ya rene su. Abin da ke damuna shi ne, bayan wannan tsira, Romulus ya kashe ɗan'uwansa.