Munduwar shaidar ciwon suga a makaranta: wacce ta dace da 'yar shekara 7?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 7, tana da ciwon suga nau'i na 1, allurar insulin take yi sau huɗu a rana. Likita ya ce lallai ta riƙa sa abin shaida a jikinta, makarantarsu kuma ta hana duk wani kayan ado, ko ɗan kunne ba a bari. Fatarta ba ta jure ƙarfe, ko maɓallin wando sai ya feso mata da ƙuraje. Munduwa zan saya ko sarƙar wuya? Me ake rubutawa a kai? Ta yaya zan shawo kan hukumar makarantar? Litinin za su koma.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Sarƙar ƙarfe marar tsatsa ki saya, mai tambarin nan na tauraro mai tsini shida da maciji a jikin sanda. Ma'aikatan agajin gaggawa sun san shi. Sau ɗaya za ki saya, kin huta.

Nas Rabi: Malam Abu, ka karanta tambayar kuwa? Ta ce ƙarfe na fito wa yarinyar da ƙuraje. Ƙarfe marar tsatsa, har wanda ake kira 316L, yana ɗauke da nikel, ƙarfen da ke yawan feso da irin ƙurajen nan, kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari. Da yawa suna jure shi, amma ga mai irin wannan fata gara titaniyam ko robar silikon. Sarƙa kuwa ba ta 'yar shekara 7 ba ce. Ta maƙale a lilo ko wani yaro ya fizgo ta ta baya, wuya ne a ciki. In dole sai ita, a sami mai maɗaurin da ke ɓallewa da kansa idan an ja. Maman Hanifa, ki auna wuyan hannunta da zare, ki ƙara santimita 1 zuwa 1.5. Yatsa ɗaya ya shiga tsakani, amma kada ta zare ta kan tafin hannu.

Baban Imam: Rubutu layi huɗu ya isa: sunanta, ciwon suga nau'i na 1, tana amfani da insulin, sai lambar waya biyu. A rubuta sunan ciwon cikakke da harshen da ma'aikatan asibitin ƙasarku ke aiki da shi. T1D, wato gajeren sunan ciwon a Turance, likita zai gane, malamin lissafi ba zai gane ba. Kada a sa yawan insulin, don yana canzawa yayin da yaro ke girma. Kada a sa adireshin gida. Kuma a nemi rubutun da aka sassaƙa cikin jikin abin, ba wanda aka buga da fenti a sama ba; sabulu da gumi suna cinye wannan.

Ɗan Barkwanci: Ni dai da allo za a rataya mata, a rubuta har sunan kakarta.

Hajiya Ladi: Ana maganar lafiyar yarinya kana wasa. Ku duk kuna ta batun ƙarfe da roba, ku saurari abin da ya sami wani yaro ɗan aji huɗu. Munduwarsa ba abin da ta rasa. Malamar da ke duba tufafi a bakin ƙofa ta ce ado ne, ta karɓe ta jefa a durowa. Ranar malamin ajinsu bai zo ba, wani aka turo. Bayan wasan motsa jiki yaro ya soma gumi, hannu na rawa, ana yi masa tambaya yana amsawa da tsiwa. Malam ya ce rashin kunya ce, ya kore shi waje ya tsaya. Can ya faɗi. Da suka taru a kansa sai wani ya ɗaga masa kai yana ɗura masa lemo alhali ba ya cikin hayyacinsa, ya shaƙe, abin ya gangara huhu. Sugan an gyara shi a ranar, ciwon huhun ne ya kwantar da shi. Har yau ba wanda ya ce wa uwar ki yi haƙuri.

Nas Rabi: Innalillahi. Kuskure biyu ne a nan. In na'urar gwaji ta nuna suga ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, wato 3.9 a ma'aunin mmol/L, ya faɗi. In yaro na iya haɗiya, a ba shi abin zaƙi mai saurin shiga jini, a sake gwadawa bayan minti 15. Babba giram 15 ake ba shi, kamar rabin kofin ruwan 'ya'yan itace. Ƙaramin yaro kimanin giram 0.3 ne a kowane kilo na nauyinsa, mai kilo 30 ke nan giram 9. Ban da cakulan, maiƙonsa na jinkirta shi. In ya suma, kome ba ya shiga baki. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar gulukagon mai ɗaga suga cikin gaggawa, a kira motar asibiti.

Hajiya Ladi: Wa zai yi allurar? Malaman da ko taɓa akwatin allurar ba sa yi?

Abu Sadik: Shi ya sa na ce ƙarfe. Ta roba malami kallon abin wasa yake yi mata. Kuma arharta ta banza ce, tana tsinkewa, yara na musaya da juna, a shekara sai ki sayi huɗu.

Ummu Zara: A'a Malam, ta ƙarfen ce asara. Hannun yaro girma yake, an sake lambar waya kuma sai sabon sassaƙa. Ta roba da yawa ake sayarwa a ƙunshi ɗaya, ɗaya a hannu, ɗaya a jaka.

Abu Sadik: Wacce kika gani haka? Mai sunan yaro da lamba ba ta zuwa a ƙunshi.

Malam Tijjani: Ni malamin motsa jiki ne, ku bar ni in faɗi nawa. A dokar ƙwallon ƙafa ta duniya, doka ta 4, an hana sarƙa da zobe da munduwa har da ta roba. To a gasa alƙalin wasa na iya cewa a cire. A darasin yau da kullum kuwa, a ɗora mata ƙyallen tsane gumi a kan munduwar, malami ya san tana ƙasa. Masu maƙala shaida a igiyar takalmi ko a jaka su sani, lokacin wasa ne yaro ke rabuwa da jakarsa, kuma lokacin ne suga ya fi faɗuwa, har sa'o'i bayan an tashi.

Hajiya Ladi: Malam, da girmanka, amma irinku ne suka kori yaron nan waje. Maganar uwa da ta nas za a bi.

Malam Tijjani: Hajiya, nas ba ta filin wasa ƙarfe goma na safe, ni nake can. Maman Hanifa, kada ki je da baki kawai. Ki karɓo takardar likita da ta ce wannan kayan lafiya ne, shugaban makaranta ya sa hannu, a yi kwafi uku: ofis, malamin aji, da mai duba tufafi. A manna hoton yarinyar a kai saboda malamin da aka turo na rana ɗaya.

Baban Imam: Kuma kada a ruɗe ki da munduwa mai lambar QR da ake ɗauka da waya a ga bayanan yaro. Ƙari ce kawai. Wanda ke durƙushe kan yaron da ya suma ba zai tsaya neman intanet ba.

Ummu Zara: Tunda an ambaci waya, wannan ce ta fi ci min rai. Yaro na da na'urar auna suga a damtse, wayar ce ke karantawa ta yi ƙara in ya faɗi, sai a ce an hana waya, a kulle ta a ofis. Bluetooth ɗin mita 6 zuwa 10 yake kaiwa, bango ma na rage shi. Ƙararrawa na ta kuka a durowa, yaro na aji.

Hajiya Ladi: Haka abin gwajin yatsa da ƙwayoyin gulukos. A kulle a ofis, mai makulli ya tafi taro. Ga hana fita bayan gida, alhali suga in ya hau fitsari ba ya jira.

Ɗan Barkwanci: A sa wa mai makullin munduwa shi ma, a rubuta inda za a same shi.

Maman Hanifa: Na gode, Allah ya saka. Amma titaniyam ɗin ko silikon? Kuma batun wayar, a takarda ɗaya likita zai haɗa ko daban ake rubutawa?

Ummu Zara: Ɗaya. Ki sa ya ambaci caja ma, don ita ce za su ce ba ta cikin takarda.