Waɗanda suka taɓa mayar da ƙungiyar 'yan matansu ƙarƙashin wani kulob, me kuka tarar?

Mahaifiyar mai tsaron gida:
Assalamu alaikum, iyaye da masu horarwa. 'Yata ce ke tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekara 15, kuma shekara huɗu ke nan yaran suna wasa tare a ƙarƙashin wani kulob da hankalinsa ya fi karkata ga ɓangaren maza, har ta kai duk ranar da fili ya yi ƙaranci atisayenmu ake fara sokewa. Yanzu wani kulob ya yi mana tayin mu koma wajensa gaba ɗaya, yaran da kocinsu. Kafin mu ba da amsa, ina roƙon duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya faɗa mana abin da ya gani.

Tsohon sakataren ƙungiya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da muka gane a makare shi ne, mu a idonmu ƙungiya guda ce za ta tashi, amma a kan takarda yara ne za su tashi ɗaya bayan ɗaya, domin rajistar kowace yarinya da sunan tsohon kulob take. A ƙa'idar FIFA ba a yi wa ɗan wasa rajista da kulob biyu a lokaci guda, kuma a kaka ɗaya kulob uku ne iyakar waɗanda za su yi masa rajista, biyu kawai zai buga wa wasan gasa. A gasar da ba ta ƙwararru ba, hukumar ƙwallon ƙasa ce ke tsayar da lokacin rajista, saboda haka ita za ku fara tambaya. Mu sai da muka sanar da tashinmu sannan muka je neman takardun sallama, shugaban kulob kuwa ya ji haushi ya riƙa jan ƙafa wajen sa hannu, yara biyar suka zauna a benci suna kallo har aka buga wasa uku.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne gurbi. Matsayin da yaranmu suka hau da guminsu a rukunin farko ashe mallakar kulob ne, muna fita ya cike shi da wasu yara, mu kuma muka faro daga rukuni na ƙasa, muna cin wasanni da ƙwallaye masu yawa ba tare da yaran sun ƙaru da komai ba.

Wata uwa, ma'ajiyar iyaye:
Malam ya faɗi gaskiya, ni kuma ta fuskar kuɗi na sha tawa. Gudummawar da iyaye suka tara don tafiye-tafiyen gasa a asusun kulob muka zuba ta, ba mu da ko rubutu ɗaya da ya nuna tamu ce, da muka nema aka ce ta shiga kuɗin gudanarwa. Riguna da jakunkuna duk da tambarin tsohon kulob suke, dole aka sayi sababbi. Ki kuma tambayi ranar da inshorar rauni ta tsohon kulob za ta ƙare da ranar da sabuwar za ta fara aiki, domin mu a tsakanin biyun wata yarinya ta gurɗe a gwiwa, iyayenta ne suka ɗauki nauyin jinyar.

Wata mai horarwa:
'Yar'uwa, kada ki ɗauka kowa zai bi ku. Cikin yara 18 da nake horarwa, 12 ne suka biyo ni, saura nisan sabon fili ya hana su, ko kuma iyayensu suna da 'ya'ya maza a tsohon kulob ba sa son ɓata zumunci. Dokar wasa ba ta yarda a fara da ƙasa da 'yan wasa bakwai ba, kuma akwai ranar da rashin lafiya da jarrabawa suka bar mu da takwas cif. Ni dai ban yi nadama ba, domin a sabon wurin ne muka fara samun ɗakin sauya kaya na mata da lokacin atisaye da ba a taɓa mana shi.

Wani mahaifi:
Alƙawarin da aka yi mana da baki shi ne ba za a raba yaran ba, amma kaka na zagayowa aka yi gwajin tantancewa aka gauraya su da 'yan matan sabon kulob, kociyarmu ta koma mataimakiya. 'Yata da ke fara kowane wasa ta koma 'yar canji, ba ta ƙarasa shekarar ba ta ajiye takalmanta. Mu iyaye mun yi taro sau huɗu a kan maganar, ba mu kira yaran ko sau ɗaya ba.

Mahaifiyar mai tsaron gida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa 'yata maganar Alhaji, sai ta ce sabon kulob ɗin yana da masu tsaron gida biyu a rukuninsu, ta daɗe da sani, ba wanda ya tambaye ta ne kawai. Mun ɗage taron iyaye zuwa mako mai zuwa, za mu fara zama da yaran.